Inabin Da Ake Dasawa A Rami

Jama'a, akwai wani farin inabi wanda ba kowa ya san shi ba, ana ce masa Zibibbo. Sunan daga Larabci ya fito, watau zabibi. Ana nomansa a Fantelleriya, wani tsibirin Italiya kusa da Tunisiya, inda iska ta yi yawa, ruwan sama kuwa kaɗan ne.

Manoman wurin ba su yi masa rumfa. Rami sukan haƙa su dasa shi ciki, su riƙa datse shi gajere. Ramin yakan tare iska, ya riƙe laima. A 2014 UNESCO ta sa wannan dabara cikin al'adun da duniya ta gada.

In ya nuna akan shanya shi a rana, a yi giya mai zaƙi wadda sukan sha da cuku mai gishiri, don gishirin yana rage zaƙin. Mu giya ba tamu ba ce, amma busasshen inabi da cuku halal ne.

To, abin da nake so mu ɗauka ramin ne. Mai kukan fari kada ya raina tassa, ramin da 'yan'uwanmu na Nijar ke zuba taki su shuka gero ciki. Haƙan da wuya, amma ya fi rumbu wayam sauƙi.