Starlink ba ta biyan ladan aiki

Tun da Starlink, mai intanet ta tauraron ɗan'adam, ta samu izinin aiki a Nijar bakin mutanen Yamai bai huta ba. Wai yanzu matashin Difa ba shi da sauran uzuri, ya zauna a ɗakinsa ya rubuta manhaja, kuɗin Turawa su riƙa zubo masa. Madalla. A zo Shetimari, cikin ƙasar Difa, a gwada, ranar da wuta ta tafi tun hantsi, batirin kwamfuta kuma yana haki.

Ni ban ma damu da wutar ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne babu wanda ya ɗauki rubuta manhaja a matsayin sana'a. Alhajin tattasai zai sallami ɗan dako nan take, amma ka ɓata makonni kana gina masa manhajar lissafin buhuna, sai ya ce, "Yaro, ai danne-danne ne, Allah ya yi albarka." Kwana kaɗan ya kira ka da tsakar dare, a ƙara masa bashin dillalai, a sa ta yi magana da Barbarci, a gyara wayar uwargida ma, duk kyauta, tunda a ganinsa komai yana nan kwance cikin inji. In shi da kansa ya goge lissafin, kai ne ɓarawo.

Ƙungiyoyin agajin da suka cika Difa tun hare-haren 2015 fa? Da manhajarsu ta KoboToolbox suke zuwa a shirye, a miƙa wa yaranmu waya su bi sansanin Sayam Forage suna cike takardu. Yaron da ya iya Python ya koma mai danna "i" da "a'a".

Za a ce ai an buɗe jami'a a Difa tun 2014, ga kuma CIPMEN mai renon ƙananan kamfanoni. A bar wannan zance. CIPMEN a Yamai aka kafa ta, tafiyar kilomita fiye da 1,300 daga nan, kuma manhajar da ake tsaro mana daga can sefa kawai ta sani, alhali duk wanda ya taɓa ciniki a bakin kogin Komadugu ya san da naira ake yi. Ba su tambaya, don ba su saba tambayarmu ba. Man Agadem a ƙasar Difa ake haƙo shi, matatar aka kai Damagaram a 2011, bututun kuma ya wuce har gaɓar tekun Benin. Mu aka bar mana jawabi kan tauraron ɗan'adam.