Fenti Ba Ya Tayar da Mota

Makon jiya na tsaya gyaran birki a gareji, sai na iske yaran shago sun yi cincirindo a kan wayar ɗayansu. Tsohon shirin nan na Amurka suke kallo, Pimp My Ride, wanda tashar MTV ta riƙa nunawa daga 2004 zuwa 2007. Mawaƙi Xzibit zai ƙwanƙwasa ƙofar wani talaka, ya karɓi akwalar motarsa, ya kai ta wani gareji a Kalifoniya, irin su West Coast Customs. Cikin rabin awa sai ga ta tana walƙiya, da talabijin a bayan kujeru da manyan sifiku a but. Mai ita ya yi ta tsalle yana ihu.

Ni ma na taɓa sakin baki haka. Amma a 2015 jaridar Huffington Post ta zanta da wasu da aka yi wa wannan gata. Suka ce motocinsu sun shafe watanni a gareji, wasu kayan adon an cire su da zarar an kashe kyamara, ciwon inji kuwa yana nan inda yake. Kyan ɗan maciji ke nan.

Masu babura ma haka. American Chopper, da Discovery ta fara a 2003, a kan ƙera babur ne, amma abin da ya riƙe masu kallo shi ne cacar baki tsakanin Paul Teutul da ɗansa. Ƙarshenta uban ya kori ɗan, har aka dangana da kotu. Masu shirin kuwa suka mai da rigimar sabon shiri.

Ba na cewa a daina kallo. Shirye-shiryen nan sun ɗaga darajar mai walda da mai fenti, sun sa yaro ya daina jin kunyar baƙin mai a rigarsa. Damuwata ita ce abin da ake yankewa: kwana uku ana neman inda waya ta tsinke, kusoshin da tsatsa ta cinye, aikin da aka kwance aka sake ɗaurawa. Nan sana'ar take, kuma kyamara ba ta da haƙurin tsayawa a wurin. Yaron da ya ɗauka ana ƙwarewa cikin rabin awa, wata shida ba zai yi a gaban maigidansa ba. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Ina cikin wannan tunani ogansu ya leƙo daga ƙarƙashin motata, ya ce: "Kai, ajiye wayar nan ka miƙo mini sifana!" Birkina dai ya kama, ko da yake fentin motar na nan a koɗe.