Sanduna huɗu a fuskar talho, amma kira ya ƙi shiga

Akwai wani kuka da ɗan kasuwa da ma'aikacin gwamnati suka yi tarayya a kansa, tun daga Maraɗi har Gabi, can kudancin Madarunfa inda ƙasarmu ta yi iyaka da Najeriya: mutum ya dubi talhonsa ya ga sandunan rezo sun cika, ya buga lamba, sai a ce masa ya sake gwadawa an jima. Abin da ya kamata mai karatu ya fara sani shi ne, sandunan nan ba su nuna komai face ƙarfin muryar anten a kunnen talhonsa. Ba su faɗa masa ko akwai sauran gurbi a wurinta. Ana iya jin tallar mai fura tun daga nesa, a iso a tarar ƙwarya ta ƙare.

Iskar da ke ɗaukar magana dukiyar ƙasa ce, kuma tana da iyaka. Hukumar ARCEP, wadda ta gaji ARTP a 2018, ita ke yanka wa kowane kamfani rabonsa na zangon rediyo: Airtel, Moov Africa, Zamani da Niger Telecom, kowa da gonarsa. Kamfani ya raba nasa tsakanin antenoninsa, anten kuma ta raba tsakanin duk wanda ya ɗaga talho a ƙarƙashinta. Wannan rabo na ƙarshe shi ne ya shafe mu.

Wanda ya san noman rani na Jiratawa ba zai sha wuyar gane shi ba: ruwa ɗaya ne, manoma da yawa, don haka kowa da lokacin ban ruwansa. Haka tsarin GSM yake, wanda har yau shi ke ɗaukar muryar ƙananan talho na mutanen karkara. Kowace tasha tana da faɗin kilohaz 200, an yanka lokacinta gida 8, kowane mai magana yana samun juyinsa kusan sau 217 a daƙiƙa ɗaya, da saurin da kunne ba ya jin giɓi. Daga cikin gida takwas ɗin akan ware ɗaya domin anten ta riƙa sanar da kanta tana shirya kira. Saura bakwai. Idan anten mai tasha ɗaya ce, kuma mutum bakwai suna magana, na takwas sai haƙuri, ko da Sarkin Katsinan Maraɗi yake nema.

To, yaya layi bakwai za su ishi gari? Amsar ta fito ne daga wani masanin lissafi ɗan ƙasar Danmak, Erlang, ma'aikacin kamfanin talho na birnin Kofanhegin, wanda ya fitar da ƙa'idarsa a 1917. Ya lura cewa mutane ba su kira gaba ɗaya. Bisa lissafinsa, idan kowa yana magana minti ɗaya da rabi a sa'ar da aka fi cunkoso, aka kuma yarda kira 2 cikin 100 ya faɗi, layi 7 sun ishi mutum kusan 120. Abin mamaki, layi 14 za su ishi mutum fiye da 320. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu koma gare shi.

Lissafin Erlang yana da kyau muddin kowa na harkar gabansa. Yana rushewa ranar da dalili ɗaya ya sa kowa ɗaukar talho: ranar kasuwa sa'ad da dillalan hatsi da na bisashe ke tambayar farashi a Maraɗi da Jibiya, safiyar Salla, ko kuwa daren da ƴan bindiga suka faɗa wa ƙauye, abin da mutanen Gabi da kewayen dajin Baban Rafi suka sani fiye da yadda za a ba su labari. Wato rezo ya fi ƙin shiga daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Dabarar da injiniyoyi ke yi ita ce su raba gida ɗaya ga mutum biyu. Layi ya ninku, murya kuwa ta koma kamar ana magana cikin tulu.

Da zuwan 4G rabon ya sake kama. Anten tana sake shi sau 1000 a kowace daƙiƙa, zango mai faɗin megahaz 20 kuma an yanka shi gutsure 100. A nan ba a cika korar kowa ba, sai dai lomar kowa ta ƙanƙance, saƙon murya na WhatsApp ya yi ta juyi bai tafi ba. Kuma a nan ne maganar adalci ta shigo. Wanda ke nesa da anten muryarsa ba ta da ƙarfi, dole a aika saƙonsa a hankali ana maimaitawa, don haka yana cin gutsure da yawa kafin ya samu abin da na kusa ke samu da kaɗan. Anten na iya bin juyi daidai wa daida, kowa ya yi jinkiri. Tana iya fifita mai ƙarfin rezo, na bakin daji ya tashi hannu wofi. Galibi ana bin hanya ta tsakiya. Kamfani ne ke saita ma'aunin, mai saye bai gani, alhali kuɗin forfe ɗaya ne ga mai shago a gindin anten da malamin lakwal da aka tura ƙauye mai nisan kilomita 15.

Iyaka ma tana da nata. Iska ba ta tsayawa a duwan. A watan Satumba na 2021 hukumomin Najeriya sun rufe rezo a jihar Zamfara da ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da Jibiya, domin yaƙi da ƴan bindiga, sai waɗanda ke kusa da iyaka suka koma neman rezon Nijar. Ba laifinsu ba ne, ƴan uwanmu ne, amma anten da aka auna wa mutanen gari ɗaya ba ta san baƙunci ba.

A 2023 ARCEP ta ci tarar kamfanonin nan huɗu kuɗi sama da miliyar 4 na sefa saboda rashin ingancin aiki. Madalla. Sai dai tara tana shiga baitulmali, ba ta ƙara layi ko ɗaya a Gabi. A ganinmu awon da ya dace shi ne wanda za a yi a garuruwa irin wannan, ranar kasuwa da tsakar rana, a buga sakamakon gari-gari domin mai saye ya san layin da zai zuba kuɗinsa.

Sannan mu koma ga Erlang. Kamfani biyu, kowa da layinsa bakwai a gari ɗaya, mutum 240 za su ɗauka. Da sun haɗa su wuri guda, da sun ɗauki fiye da 320 ba tare da an ƙara zango ba. A birni gasa tana da amfani. A karkara, inda kowane kamfani ke ƙorafin tsadar gazuwal da gadin anten, doka na iya tilasta musu tarayya, ko aƙalla talhon wannan ya shiga anten ta wancan inda nasa bai kai ba. Tsarin GSM kuma tun shekarun 1990 ya tanadi hanyar ba wasu lambobi fifiko, har a yanke wani kira domin su wuce. Talhon majo na asibitin gari, da na jandarma, da na direban ambilans mai kai mata masu naƙuda Madarunfa, su ne ya kamata a fara sa wa cikin wannan jeri.