Mun zo Ibadan karatu, amma mun ƙi fitowa daga ɗaki

Ku yi haƙuri, rubutun yau da ɗan tsawo. Wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya bari sai dare.

Wata goma sha huɗu ke nan ina Ibadan ina mastas. Kamar da yawa daga cikinku, ba daga gida ake turo min kuɗi ba. Sana'ata haɗa wa mutane shafin intanet. Na yi wa wani mai atamfa a kasuwar Gbagi, na yi wa wata Islamiyya, na yi wa mai kayan gyaran waya. Da wannan nake biyan haya a Agbowo, da shi nake sayen data da man janareta.

A watan jiya wata 'yar ajinmu Bayarabiya ta haɗa ni da wasu matasan cikin gari masu wasan kwaikwayo na dandamali. Suna son shafin da za su riƙa sayar da tikiti, su kuma sa hotunansu. Na gama aikin, suka biya ni, suka ƙara min da tikiti ɗaya kyauta. Da ƙyar na je, don ban taɓa shiga irin wurin ba.

Wasan ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Amma can tsakiya sai ga "Bahaushe" ya fito. Mai gadi ne, rediyo a kunne, buta a hannu, Turancinsa a karye, ana kiran sa Mola. Duk abin da aka faɗa masa sai ya fahimce shi a baibai. Ɗaki ya kaure da dariya. Na waiga hagu da dama, wallahi ban ga fuska ɗaya da zan ce ta gida ce ba. Raina ya ɓaci matuƙa.

Da aka tashi na tare daraktan, na faɗa masa abin da ke raina ba tare da kwana-kwana ba. Ya saurare ni har na gama. Sai ya ce shekararsu uku suna sanarwa duk lokacin da za su ɗauki sababbin 'yan wasa, ɗan Arewa ko ɗaya bai taɓa zuwa ba. Ya ce Hausawan da ya sani su ne mai gadin layinsu, da mai tsire, da 'yan canjin Sabo. Ya ce in na san wani Bahaushen daban, in kawo shi.

Bai wanke kansa ba a wurina. Wanda zai sa wata al'umma a dandamali, aikinsa ne ya tashi ya bincika. Amma tun daga daren nan maganarsa take cina, domin akwai namu laifin a ciki.

Mu duba yadda muke rayuwa a nan. Daga ɗaki sai aji, daga aji sai masallaci. Ranar Juma'a ko Lahadi mu hau Micra zuwa Sabo, mu ci tuwo, mu sha fura, mu ji Hausa, mu dawo. Ana yin hutu mun yi tasha. Akwai wanda ya shekara huɗu a garin nan bai iya gaida tsohuwar da ke sayar masa da burodi da harshenta ba. Ni ma ban fi shi ba.

Kada a ce ina zagin Sabo. Unguwar ta haura shekara ɗari, tun wajajen 1916 take. Fataken goro da na shanu ne suka raya ta, kuma suna da dalilin zama wuri ɗaya: kasuwancin nesa sai da amana, sai da maigida da zai sauke ka, ya tsaya maka, ya karɓo maka bashi. Har wani masani, Abner Cohen, ya yi littafi guda a kansu a 1969. Amma ku lura, 'ya'yan Sabo da jikokinsu suna jin Yarabanci kamar me, sun san garin lungu-lungu. Mu da muka zo da sunan neman ilimi mu ne muka fi su rufe kai.

Kuma wane gari ne muke rufe wa ido? Nan aka kafa jami'a ta farko a Najeriya a 1948. Nan aka buɗe gidan talabijin na farko a ƙasar a 1959. Nan su Wole Soyinka suka kafa ƙungiyar Mbari a 1961. Mutanen nan sun ɗauki dandamali da muhimmanci tun zamanin su Hubert Ogunde da Duro Ladipo. A 1964 Ogunde ya yi wasan Yoruba Ronu, ya taɓa gwamnatin Akintola har ta hana shi wasa a Jihar Yamma. Ke nan a wurinsu dandamali majalisa ce, a nan ake yanke wa mutum hukunci. Mu kuma ba ma halarta, sai mu ji haushi in an yanke mana a bayan idonmu.

Na san abin da wasu za su ce: wasan kwaikwayo ba aikin ɗan mutunci ba ne, akwai cakuɗa, akwai wasa da lokacin salla. Ni ba malami ba ne, ba kuma fatawa na zo bayarwa ba. Abin da yake haramun a bar shi, a Kano ne ko a Badun. Amma ina tuna mana cewa Malam Aminu Kano ya rubuta wasannin kwaikwayo tun kafin a kafa NEPU a 1950, kuma da su ya fara faɗa wa masu mulki gaskiya. Iyayenmu sun kalli Samanja da Ƙasimu Yero. An karanta Uwar Gulma a makarantunmu. Mu kanmu mun yi tashe da azumi. Yaushe abin ya zama baƙo?

Da na koma wurin gwajinsu bayan mako guda, sai na tarar kusan rabinsu Musulmi ne. Mai kula da fitilu da hijabinta har ƙasa. Da aka kira Magariba aka tsaya, wani Kirista a cikinsu ne ma ya nuna min inda ake alwala. Na ji kunya, don na shigo da zaton da ba shi ke nan ba. A garin nan za ka ga gida ɗaya uba Alhaji, uwa tana zuwa coci, ana cin ragon layya tare. Ba na ce mu kwaikwayi komai ba, amma mu daina kallon Musuluncin mutane kamar bai kai namu ba. Ita kanta MSSN da muke tinƙaho da ita, a Legas aka kafa ta a 1954.

Sai siyasa. Mukan kwana muna musu kan Kwankwasiyya da Gandujiyya a ɗakin da ke Ibadan, alhali ba mu san sunan kansilan unguwar da muke kwana ba. Katin zaɓenmu yana gida, duk da cewa hukumar zaɓe ta ba da damar a sauya rumfa. Ku tuna rikicin kasuwar Shasha a Fabrairun 2021. An rasa rayuka, an ƙona shaguna da gidaje. Gwamnonin Arewa sun zo, Allah ya saka musu, amma sai bayan kwanaki. A irin wannan rana, maƙwabcin da ya san sunanka shi ne zai buɗe maka ƙofa cikin dare. To in bai san ka ba fa?

Ba na musun cewa akwai ƙabilanci. Ni ma wani dillalin gidaje yana jin sunana ya ce ɗakin an riga an kama. Akwai tsoro, akwai ƙarancin lokaci, ga furojet, ga malami yana jiran babi na uku. Duk na sani. Sai dai ɓuya ba ta rage ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Abin da ta ƙara mana kawai shi ne, wasu ke ba da labarinmu, kuma da ɗan abin da suka gani suke bayarwa.

Aikin intanet ya koya min abu ɗaya: mai shagon da bai sa hoton kayansa da kansa ba, duk abin da wani ya rubuta a kansa shi mutane za su gani in sun nema. Haka muke a garin nan.

Don haka na amsa wa daraktan. Za mu sake rubuta wannan fitowar tare, kuma ya yarda a ƙara ɗan Arewa na biyu a wasan. Ban ce a cire mai gadi ba. Gadi sana'a ce, kuma kawuna ya yi ta shekaru a Legas, da ita ya biya min kuɗin sakandare. Abin da nake so, a ba shi hankali da suna da iyali, kamar yadda aka ba kowa a wasan.

Ina neman mutum uku ko huɗu. Ba sai Bahaushe ba: Babarbare, Banufe, Bafulatani, ɗan Kudancin Kaduna ko Filato, Musulmi ko Kirista, don su ga Arewa ba fuska ɗaya ba ce. 'Yan uwa mata, ko ba za ku hau dandamali ba, muna buƙatar ku a rubutu. Ranar Asabar ne bayan La'asar, ana tashi kafin Isha'i. Wanda kuma yake son koyon haɗa shafin intanet, ya zo da kwamfutarsa ranar Lahadi, zan koya masa abin da na sani kyauta.

Wanda duk wannan bai yi masa ba, to gobe da safe ya gaida maigidan hayarsa da Yarabanci, ya tambayi sunan maƙwabcinsa. Mai sha'awa ya yi min magana ta saƙo. Allah ya ba mu sa'ar abin da muka zo nema, ya mayar da mu gida lafiya.