Taya Mai Ƙarfi Ko Taya Ta Kullum?

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka sake ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni, domin in yi magana da 'yan'uwana masu mota, tun ba waɗanda ke bin hanyar Sakkwato ba, daga Sabon Gari zuwa Samaru har Shika da Giwa.

Ran Asabar da ta wuce mijin yayata ya ce in raka shi Sabon Gari sayen taya biyu. Motar haya gare shi, Golf, da ita ya ke ci da iyali. Mai shago ya mirgino mana taya biyu masu girma ɗaya, ya ce, "Alhaji, wannan ta kullum ce. Wannan kuwa mai ƙarfi ce, ko buhu goma ka ɗora mata ba ta san an yi ba." Sai na ga surukin nawa ya kai hannu aljihu. Na ce, "Yaya, dakata tukuna mu karanta abin da masu ita suka rubuta a jikinta."

To, jama'a, ga abin da muka gani. A gefen ta farko an rubuta 195/65 R15 91H. A gefen ta biyu an rubuta 195/65 R15 95H, sa'an nan aka ƙara XL. Wasu kamfanoni su kan rubuta RF ko Reinforced, duk magana ɗaya ce. Lambar nan 91 ma'anarta taya ɗaya tana iya ɗaukar kilo 615, ita kuwa 95 kilo 690. Watau bambancin kilo 75 ne. In ka haɗa tayoyin baya biyu ka sami kilo 150, buhun masara ɗaya da rabi ke nan. Ina goma?

Amma abin da na fi so masu karatu su riƙe shi ne wannan: iskar da ke cikin taya ita ke ɗaukar kaya, robar jaka ce kawai ta riƙe iskar. Taya ta kullum tana kai iyakar ƙarfinta in gejin iska ya nuna 36. Mai XL an ƙarfafa saƙar cikinta ne don ta jure iska har 42, kuma sai a 42 ɗin nan ta ke ɗaukar kilo 690. In ka saye ta da tsada, ka bar ta da iskar da ka saba ba tsohuwarka, ba ka ƙaru da kome ba wajen kaya. Na sha ganin mai faci ya ba taya iska, ya ƙwanƙwasa ta da ƙarfe, ya saurari ƙararta, ya ce ta yi. Kunne kuwa bai san 36 daga 42 ba. Taya mai ƙarancin iska in ta sha kaya sai gefenta ya yi ta lanƙwashewa tana tafiya, ta ɗauki zafi, balle a watan Maris da Afrilu sa'ad da kwalta ke tafasa. Ƙarshenta ta fashe da mutane a ciki.

Kada kuma a manta, mota da kanta tana da iyakar nauyin da aka yanka mata. Ana rubuta shi a ɗan allo a jikinta, adadin iska kuwa a kan same shi a bakin ƙofar direba ko cikin murfin tankin mai, layi ɗaya na mota marar kaya, ɗaya na cikakkiya. Sabuwar taya ba ta canja burki, ba ta canja sifirin.

Wa ya kamata ya saye ta, to? Wanda takardar motarsa ta ce XL ba shi da zaɓi, kada ya sauka ƙasa da lambar da aka rubuta masa. Wanda kuma kullum motarsa cike ta ke da fasinja da kaya a but, ita ta fi masa, muddin zai ba ta iskarta. Amma malamin Jami'ar Ahmadu Bello da ke fita daga gida zuwa ofis shi kaɗai, ta kullum ta ishe shi, ta ma fi taushin tafiya. Masu bas irin Hiace su nasu dabam ne, tayarsu ita ce mai harafin C, kamar 195 R15C 106/104, wadda ke ɗaukar kilo 950. Sa wa bas tayar ƙaramar mota, ko da mai XL ce, wasa da rayukan mutane ne.

Saura shekaru. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya rufe ta Ikeja a 2008, tayoyinmu daga ƙetare su ke zuwa, da sababbi da 'yan Beljiyam. A duba lambobi huɗu na ƙarshen layin da ya soma da DOT. In an ga 1522, an yi ta ne a mako na 15 na shekarar 2022. Ni a ganina sabuwar taya ta kullum ta fi tsohuwar XL wadda ta gama wahala a ƙasar wani.

Mun dai sayi XL biyu, aka sa su duka a baya, gama ba a haɗa iri biyu a gindi ɗaya. Na kuma matsa masa sai da ya sayi ɗan gejin iska na aljihu, yana ta gunaguni wai akawu ba ya rabo da lissafi. Da muka iso Kwangila kan hanyarmu ta komawa Samaru, wani ya tsai da mu da buhu huɗu. Yaya ya dube ni, ya dubi buhunan, ya ce wa mutumin, "Malam, biyu zan ɗauka."

Naka,
Akawu, Samaru.