Kada Tarihin Iyalan Wusasa Ya Bi Dattawa Kabari

Fadar shugaban ƙasa a Abuja tana kan titin da aka sa wa sunan Yakubu Gowon. A Kaduna kuwa, asibitin koyarwa na jiha yana ɗauke da sunan Barau Dikko. Dubban ma'aikata suna furta waɗannan sunaye kullum, amma kaɗan ne suka san cewa mutanen biyu, tare da Farfesa Ishaya Audu, a cikin jama'ar coci guda suka taso: ikilisiyar Anglikan da cibiyarta ke cocin St. Bartholomew a Wusasa, gefen birnin Zariya. Tarihin iyalan wannan coci wani yanki ne na tarihin Nijeriya, kuma yana neman salwanta saboda rashin mai tattara shi.

Asalin jama'ar yana komawa ga Dakta Walter Miller na ƙungiyar mishan ta CMS, wanda ya zo Kano a 1900 tare da Bishop Tugwell, Sarki Aliyu Babba ya sallame su. Miller ya zauna a cikin birnin Zariya daga 1905, ya buɗe makaranta da wurin shan magani, kafin a mayar da mishan ɗin Wusasa a 1929. A can aka gina coci da ƙasa, da tubali da bakan gizo irin na maginan Zazzau. Shi ne kuma jigon fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa da aka buga a 1932.

Waɗanda suka cika wannan coci daga wurare dabam-dabam suka fito. Akwai zuriyar Isawa, almajiran Malam Ibrahim, malamin da aka kashe a Kano zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi saboda matsayin da ya ba Annabi Isa a cikin koyarwarsa. Mabiyansa suka watsu zuwa ƙasar Ningi da ta Zazzau, har wasu daga cikinsu suka nemi Miller a 1913. Aka kafa musu ƙauye a Gimi, ciwon barci ya yi musu mummunar ɓarna, waɗanda suka tsira suka tashi. Akwai Hausawa da Fulani da suka shigo ta hanyar makaranta. Akwai kuma masu bishara daga ƙasar Filato, irin mahaifin Gowon, mutumin Angas, wanda ya kawo iyalinsa Wusasa yana aikin coci.

Abin da wannan ƙaramar jama'a ta ba ƙasa ya fi ƙarfin yawanta. Dakta Dikko ne likitan zamani na farko daga Arewa, yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa wadda ta rikiɗe ta zama NPC, ya kuma riƙe muƙamin kwamishinan tarayya. Ishaya Audu ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya zama ministan harkokin waje a 1979. Gowon ya mulki ƙasar daga 1966 zuwa 1975. John Tafida kuwa shi ne ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, ɗaya daga cikin littattafan ƙagaggun labarai na farko a Hausa, wanda ɗalibai Musulmi da Kirista suka karanta shekara da shekaru.

Waɗannan manya sun samu masu rubuta labarinsu. Sauran jama'a ba su samu ba. Matan da suka yi aikin jinya da ungozomanci a asibitin St. Luke, malaman firamare da suka koya wa waɗannan manya karatu, manoma da maginan da suka ɗaga bangon cocin, duk labarinsu yana cikin littattafan rajistar baftisma da aure da jana'iza, da tsofaffin hotuna a akwatunan gida, da bakin dattawa. Takarda tana da gara da ruwan sama, dattijo kuma yana da ajali. Wasiƙu da rahotannin turawan mishan suna ajiye lafiya a ɗakin karatu na Jami'ar Birmingham a Ingila, saboda haka abin da Bature ya faɗa game da mutanen Wusasa zai daɗe. Abin da mutanen suka faɗa game da kansu shi ne ke cikin haɗari.

Wannan batu ya shafi ma'aikacin tarayya kai tsaye. A ofisoshin Abuja har yanzu ana samun mai mamaki idan ya ji Bahaushe mai suna Bulus ko Rifkatu, ya ɗauka lalle daga wata ƙabila ya fito. Wannan mamaki yana da illa idan aka zo batun takardar shaidar asali, wadda ita ce ƙofar aiki da gurbin karatu a ƙarƙashin tsarin raba daidai. Iyalin da kakanninsu suka yi shekara ɗari a Zazzau bai kamata a bar su suna kame-kamen hujja ba, alhali hujjar tana cikin rajistar cocinsu. Mai rubuta wa minista jawabi kan zaman lafiya a Arewa kuma zai amfana idan ya san akwai gidajen da ɗan'uwa yake zuwa masallaci, ɗan'uwansa yake zuwa coci, kuma suna haɗuwa wajen suna da ta'aziyya tun zamanin kakanni.

Wani zai ce wannan aikin coci ne, gwamnati ba ruwanta. Gaskiya ne littattafan mallakar ikilisiya ne, kuma ba wanda ya isa ya karɓe su sai da yardarta. Amma an rubuta su tun lokacin da hukuma ba ta rajistar haihuwa da mutuwa a yawancin garuruwan Arewa, don haka a wurare da dama su kaɗai ne shaida. Kamar yadda ake adana rubuce-rubucen malaman Sakkwato da Kano a matsayin gādon kowa, haka ya dace a kalli waɗannan.

Aikin ba mai tsada ba ne. Reshen Kaduna na ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da Gidan Arewa suna da ƙwararru, sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello kuma yana kusa da Wusasa. Abin da ake bukata shi ne yarjejeniya da shugabannin coci a ɗauki hoton kowane shafi, ainihin littafin ya zauna a hannun masu shi, a kuma ɓoye bayanan mutanen da ke raye. Sai a tura ɗalibai su naɗi hira da dattawa cikin Hausa, a fara da mafi tsufa. 'Ya'yan Wusasa da ke aiki a ma'aikatun tarayya su ne suka fi cancantar kai wannan buƙata gaban masu kasafi, kuma kowannensu zai iya farawa da kakarsa a hutun Kirsimeti mai zuwa.