Rigar Bankwana: Me Ya Sa Sai An Kai Kano?

Duk shekara idan lokacin fita ya yi a nan Abdu Gusau, ajujuwa sukan yi rigar bankwana. Wanda ya iya CorelDRAW shi ke kwana yana tsarawa, a ce "kai, wane akwai basira!", sannan a tura zanen Gusau ko Kano a bugo. Shi ya tashi da yabo, kuɗin kuma sun hau mota sun bar Mafara.

Ni dai a ganina, wanda ya iya zane a kwamfuta amma bai san yadda ake buga shi da hannu ba, rabin sana'a ya riƙe. Kuma aikin ba tsafi ba ne. Za ka fitar da zanenka baƙi ƙirin a takarda mai shara-shara. Ka ɗaure ƙyalle mai ƙananan huji a jikin firam na katako, ka shafa masa maganin da ke daskarewa idan haske ya taɓa shi, ya bushe a cikin duhu. Sai ka ɗora takardar a kai, ka nuna wa rana na ɗan lokaci, ka wanke da ruwa. Inda baƙin ya kare zai wanke ya bar hanya, ta nan fenti zai bi ya sauka kan riga idan ka ja shi da roba. Rana kuwa, a Zamfara ba a sayenta.

Wanda ya taɓa jan robar nan ko tsarinsa canzawa yake yi. Ya san kowane launi firam ɗinsa daban, don haka ba zai zuba launi bakwai don burgewa ba. Ya san siririn layi toshewa yake yi.

Wasu za su ce ai an wuce wannan zamani, ga injin buga bana. Gaskiya ne, in fuskar ɗan takara za a fitar, inji ya fi. To amma wa ke da jarinsa cikinmu, da wutar da za ta riƙe shi? Mu tuna Satumbar 2021 da aka katse layukan waya a jihar nan. Intanet ya ɗauke, amma firam bai san an yi ba.

Su ma masu aikin hannu suna da abin da babu a kwamfutocinmu. Da yawa daga salon haruffan da muke saukewa ba su da ƙ, ɗ da ɓ, sai ka ga akwati ya fito tsakiyar kalma. Mai rubuta allon shago a Bakura lanƙwasa burushi kawai zai yi. Haruffansa, da zayyanar allon sauka, ana iya ɗaukarsu a hoto a gyara a kwamfuta, amma fa da izininsa, kuma a biya shi.

Kasuwa ma tana nan. Shinkafar da ake nomawa da ruwan Bakolori, daga Maradun zuwa Bakura, buhu take shiga, buhu kuma yana son suna da lambar waya. Ga bajon 'yan Islamiyya, ga jakunkunan walima.

Roƙona ga shugabannin ƙungiyar ɗalibai: rigar bana a ba ɗalibanmu su tsara, mai bugu na cikin gari ya buga, da sharaɗin masu zanen su tsaya a shagonsa har a wanke firam na ƙarshe. In ana tsoron a ɓata riguna, a fara gwadawa da guda 20.